Lasisin aikin jinya da yin aiki daga wata ƙasa

Tun bayan annobar korona ta shekarar 2020, ma'aikatan jinya da dama a Amurka da Birtaniya suka koma yin aikinsu daga gida, ta wayar tarho da kuma intanet. Wannan ya sa wasu daga cikinsu, ciki har da baƙin da suka je ci-rani daga Afirka da Asiya, suke tambayar ko za su iya komawa wata ƙasa da zama, su ci gaba da riƙe aikin nasu da albashinsa.

Amsar a taƙaice ita ce, riƙe lasisi daga ƙasar waje abu ne mai sauƙi, amma yin aiki da shi yana da wuya. Dalili kuwa shi ne, a idon doka, aikin jinya yana gudana ne a wurin da majinyaci yake, ko da kuwa mai jinyar tana can wata uwa duniya. Ga bayanin yadda tsarin yake.

Mene ne lasisin aikin jinya?

Lasisi izini ne da hukuma ke bai wa wanda ya kammala karatun jinya, ya kuma ci jarrabawar ƙwarewa, domin ya yi aiki da sunan nas. Takardar shaidar makaranta daban take da lasisi. Makaranta tana shaida cewa mutum ya yi karatu, ita kuwa hukuma tana ba shi izinin taɓa majinyaci, kuma tana da ikon karɓe izinin idan ya saɓa ƙa'ida.

A ƙasashe da yawa hukuma guda ce ke bayar da lasisin ga ƙasa baki ɗaya. A Birtaniya akwai majalisar kula da aikin jinya da ungozoma, wato NMC, wadda aka kafa a shekarar 2002. A Najeriya ma akwai irin wannan majalisa, NMCN, wadda dokar soja ta shekarar 1979 ta kafa.

A Amurka kuwa lamarin ya sha bamban. Babu lasisin jinya na tarayya. Kowace jiha tana da hukumarta da dokokinta, kuma lasisin da jiha ta bayar, a bisa asali, yana aiki ne a cikin iyakokinta kaɗai. Abin da ya haɗa jihohin shi ne jarrabawa guda da ake kira NCLEX, wadda ƙungiyar hukumomin jinya na jihohi, NCSBN, ke shiryawa. An kafa ƙungiyar a shekarar 1978.

Tun shekarar 1994 ake yin jarrabawar da kwamfuta, kuma a shekarar 2005 aka fara buɗe cibiyoyinta a wajen Amurka. A yau ana iya rubuta ta a ƙasashe irin su Birtaniya, da Indiya, da Filifin, da Afirka ta Kudu. A sabon tsarin da aka soma amfani da shi a watan Afrilun 2023, mai rubutawa yana amsa tambayoyi tsakanin 85 zuwa 150 cikin sa'o'i biyar.

Wane irin aikin jinya ake yi daga nesa?

Ba kowane aikin jinya ba ne ke bukatar tsayuwa a bakin gadon majinyaci. Akwai ma'aikatan da aikinsu shi ne amsa wayar marasa lafiya, su saurari alamomin ciwo, sannan su ba da shawara ko mutum ya garzaya asibiti, ko ya jira ganin likita washegari.

Wasu kuma suna bibiyar masu fama da cututtukan da ba sa warkewa da wuri, kamar ciwon suga da hawan jini, suna duba awon da na'urori ke aiko musu daga gidajen majinyatan, suna tuna musu shan magani.

Kashi na uku su ne masu yi wa kamfanonin inshorar lafiya aiki. Suna nazarin takardun asibiti domin a tantance ko magani ko tiyatar da aka nema ta cika sharuɗɗan da kamfanin zai biya. Akwai kuma masu koyarwa, da masu aiki da kamfanonin harhaɗa magunguna wajen tattara rahoton illolin magani.

Galibin waɗannan ayyuka suna bukatar lasisi mai rai, domin shawarar da nas ta bayar ta waya aikin jinya ce a doka, tamkar allurar da ta yi a asibiti.

Dokar wane wuri ce ke aiki?

Hukumomin jinya na Amurka sun tsaya a kan cewa wurin da majinyaci yake a lokacin da ake kula da shi, shi ne wurin da aikin ya gudana.

Alal misali, idan ma'aikaciyar jinya tana zaune a jihar Texas, ta amsa wayar majinyacin da ke jihar California, to wajibi ne ta mallaki lasisin California. Idan majinyacin da ya biyo baya yana New York, sai ta mallaki na New York ma. Saboda haka ne ake samun ma'aikatan da ke riƙe da lasisi na jihohi da yawa a lokaci guda, kowanne da kuɗin sabuntawarsa da ranar ƙarewarsa.

Hikimar wannan tsari ita ce kare majinyaci. Idan an yi masa kuskure, zai kai ƙara ga hukumar jiharsa, ita kuma tana da ikon hukunta wanda ke riƙe da lasisinta, ko a ina yake zaune.

A lokacin annobar korona jihohi da dama sun sassauta wannan ƙa'ida na wucin gadi saboda ƙarancin ma'aikata. Sai dai akasarin sassaucin ya ƙare, kuma gwamnatin tarayya ta kawo ƙarshen dokar ta-ɓaci kan annobar a ranar 11 ga watan Mayun 2023.

Yarjejeniyar lasisi tsakanin jihohi

Domin rage wannan wahala, jihohin Amurka suka ƙulla wata yarjejeniya da ake kira NLC, wadda ta ba nas damar yin aiki a dukkan jihohin da suka sa hannu da lasisi guda, kamar yadda direba ke tuƙi a ko'ina da lasisin jiharsa.

Yarjejeniyar ta fara aiki a shekarar 2000 da jihohi huɗu, wato Maryland, da Texas, da Utah, da Wisconsin. A ranar 19 ga watan Janairun 2018 aka soma aiki da sabon tsarinta, wanda ya ƙara tsaurara sharuɗɗa, ciki har da binciken tarihin aikata laifi ta hanyar hoton yatsu. Ya zuwa shekarar 2025, jihohi da yankuna sama da 40 ne suka amince da ita, ko da yake manyan jihohi irin su California da New York ba su shiga ba.

Babban sharaɗin samun wannan lasisi na jihohi da yawa shi ne mutum ya kasance mazaunin ɗaya daga cikin jihohin da ke cikin yarjejeniyar. Ana tabbatar da hakan ne da takardu kamar lasisin tuƙi, ko katin zaɓe, ko takardar biyan harajin tarayya mai ɗauke da adireshin jihar. Mallakar gida kawai a jiha bai isa hujja ba. Kazalika dole ne mutum ya mallaki lambar tsaron zamantakewa ta Amurka, wato SSN.

Tun watan Janairun 2024, wanda ya sauya mazauni daga wata jihar yarjejeniya zuwa wata, yana da kwanaki 60 ya nemi lasisin sabuwar jihar.

Me ke faruwa idan nas ta bar Amurka?

Barin ƙasar ba ya kashe lasisi. Jihohi suna barin mutum ya sabunta lasisinsa daga ƙasar waje, muddin ya biya kuɗi ya kuma cika sharuɗɗan ƙarin ilimi. A California, ana bukatar sa'o'i 30 na ƙarin karatu duk shekara biyu, a Texas kuma sa'o'i 20. Ana iya yin yawancin darussan ta intanet. Wasu jihohin suna ƙarawa da sharaɗin cewa mutum ya yi aikin jinya na wasu sa'o'i a cikin wa'adin.

Abin da ke sauyawa shi ne ƙarfin lasisin. A ƙarƙashin ƙa'idojin yarjejeniyar, wanda ya bayyana wata ƙasa a matsayin mazauninsa, lasisin jiha guda kawai zai iya riƙewa. Ke nan ma'aikaciyar da a da take amsa wayar majinyata daga jihohi kusan 40, da zarar ta tare a Lisbon ko Dubai ko Abuja, ikonta ya taƙaita ga jihar da ta ba ta lasisi. Idan tana son sauran, sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta nema.

Wasu kan yi dabarar barin adireshin ɗan'uwa ko aboki a takardunsu, alhali sun tashi. Hukumomin jinya suna ɗaukar bayar da bayanin ƙarya wajen neman lasisi ko sabunta shi a matsayin laifin da zai iya jawo dakatarwa ko soke lasisin. Kuma hukuncin da jiha guda ta yanke yana shiga wani kundin bayanai na ƙasa da ake kira Nursys, inda sauran jihohi da masu ɗaukar ma'aikata ke gani.

Sojoji da iyalansu da aka tura aiki ƙasashen waje suna da sauƙi a nan, domin doka ta ba su damar ci gaba da riƙe jiharsu a matsayin mazauni.

Me ya sa masu ɗaukar aiki ke ƙin amincewa?

Ko da lasisi ya cika, yawancin asibitoci da kamfanonin inshora na Amurka suna sa sharaɗin cewa ma'aikacinsu na nesa ya kasance a cikin ƙasar. Dalilan hakan uku ne.

Na farko shi ne sirrin majinyata. Dokar HIPAA ta shekarar 1996 ta ɗora wa asibitoci da kamfanoni alhakin kare bayanan lafiyar mutane, tare da tara mai yawa ga wanda ya yi sakaci. Dokar ba ta haramta buɗe bayanan daga ƙasar waje ba, amma idan suka yi ɓatan dabo a can, da wuya hukumomin Amurka su iya bin sawu. Don haka kamfanoni da yawa suke toshe hanyar shiga kwamfutocinsu daga wajen ƙasar.

Na biyu shi ne kuɗin gwamnati. Shirin Medicare, wanda ke biyan kuɗin maganin tsofaffi 'yan shekara 65 zuwa sama, a bisa ƙa'ida ba ya biyan aikin da aka yi a wajen Amurka, kuma hukumar da ke kula da shi tana ɗaukar aikin da ma'aikaci ya yi yana zaune a ƙasar waje a matsayin aikin waje, ko da majinyacin yana cikin ƙasa. Game da shirin Medicaid na masu ƙaramin ƙarfi kuwa, dokar gyaran harkar lafiya ta shekarar 2010, wadda Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu, ta hana jihohi biyan kuɗin shirin ga cibiyoyin da ke wajen ƙasar. Wasu jihohin ma sun rubuta a kwangilolinsu cewa kada a fitar da bayanan majinyatansu waje.

Na uku shi ne haraji da dokokin ƙwadago. Kamfanin da ke da ma'aikaci zaune a wata ƙasa yana iya samun kansa cikin wajibcin yin rajista a can, da cire wa ma'aikacin haraji, da bin dokokin ƙasar kan hutu da sallama. Kamfanoni ƙalilan ne ke son ɗaukar wannan nauyi saboda mutum guda.

Ban da waɗannan, inshorar da ke kare ma'aikaci idan an kai shi ƙara kan kuskuren aiki tana da iyakokin ƙasa a rubuce, kuma ba kowace ce ke rufe aikin da aka yi daga waje ba.

Akwai masu amfani da manhajar VPN domin ɓoye inda suke. Kamfanoni suna da hanyoyin gano hakan, kuma sakamakonsa kan zama kora, wani lokaci har da kai rahoto ga hukumar jinya.

Haraji da izinin zama

Amurka tana cikin ƙasashe ƙalilan da ke karɓar haraji daga 'yan ƙasarsu ko a ina suke zaune. Ɗan ƙasa ko mai katin izinin zama na dindindin, wanda aka fi sani da Green Card, wajibi ne ya ci gaba da cike takardun haraji duk shekara. Doka ta yafe haraji a kan wani kaso na abin da aka samu a waje, wanda ya kai dala dubu 130 a shekarar 2025, ga wanda ya cika sharuɗɗa, kamar shafe kwanaki 330 a wajen ƙasar cikin watanni 12.

Ita ma ƙasar da mutum ya koma tana da nata haƙƙin. Ƙasashe da yawa suna ɗaukar wanda ya zauna kwanaki 183 a shekara a matsayin mai biyan harajinsu.

Masu Green Card suna da wani haɗarin na daban. Wanda ya daɗe a waje, musamman fiye da shekara guda ba tare da takardar izinin komawa ba, ana iya ɗaukarsa a matsayin wanda ya yi watsi da zamansa, ya rasa katin.

Bizar yawon buɗe ido kuma galibi ba ta ba da izinin aiki. Domin cike wannan giɓi, ƙasashe irin su Estoniya da Barbados a shekarar 2020, da Portugal a 2022, da Sifaniya a 2023, sun ɓullo da biza ta musamman ga masu yi wa kamfanonin waje aiki ta intanet. Sai dai wannan biza izinin zama ce kawai. Ba ta ba mutum damar duba majinyatan ƙasar, domin wannan yana bukatar rajista da hukumar jinya ta ƙasar.

Misalin ƙasar Filifin

Duk da waɗannan shingaye, akwai inda ake yin aikin bisa ƙa'ida. A Manila da wasu biranen Filifin, kamfanoni suna ɗaukar ma'aikatan jinya 'yan ƙasar da suka ci jarrabawar NCLEX, suka kuma mallaki lasisin wata jihar Amurka, domin su riƙa nazarin takardun majinyata a madadin kamfanonin inshora na Amurka. An buɗe cibiyar jarrabawar a Manila a shekarar 2007.

Bambancin shi ne, a nan kamfanin ne ya yi rajista a Filifin, ya tanadi ofis mai tsaro, ya kuma ƙulla yarjejeniya da abokan hulɗarsa na Amurka kan irin bayanan da aka yarda a fitar. Ma'aikatan suna karɓar albashi ne a ma'aunin Filifin, wanda bai kai na takwarorinsu da ke Amurka ba. Kuma saboda bambancin lokaci, da yawansu da dare suke aiki.

Yaya lamarin yake a Birtaniya?

Majalisar NMC tana barin mutum ya ci gaba da kasancewa a rajistarta yana zaune a ƙasar waje. Amma tun watan Afrilun 2016, duk shekara uku sai ya sabunta cancantarsa. Daga cikin sharuɗɗan akwai sa'o'i 450 na aikin jinya, da sa'o'i 35 na ƙarin ilimi, da rubutaccen nazari guda biyar kan aikinsa, da kuma wani ƙwararre da zai tabbatar da cewa an cika su.

Tun da rajistar ta ƙasa baki ɗaya ce, babu matsalar jiha-jiha irin ta Amurka. Abin da ke tsayawa a gaba shi ne dokar kare bayanai, wadda ta taƙaita fitar da bayanan mutane zuwa ƙasashen da ba a amince da matakan tsaronsu ba, da kuma manufofin asibitocin hukumar lafiya ta NHS kan aiki daga waje.

Ina ruwan Najeriya da makwabtanta?

Batun ya shafi yankin ta fuskoki biyu: masu son fita, da waɗanda suka fita suke son dawowa gida ba tare da rasa abin hannunsu ba.

A watan Fabrairun 2024, magatakardan majalisar NMCN na lokacin, Faruk Abubakar, ya ce ma'aikatan jinya sama da dubu 42 ne suka bar Najeriya cikin shekaru uku, fiye da dubu 15 daga cikinsu a shekarar 2023 kaɗai. A wannan watan majalisar ta fitar da sabbin ƙa'idoji da suka bukaci nas ta yi aiki na shekara biyu bayan samun lasisi, kafin a tantance takardunta ga hukumomin waje. Matakin ya jawo zanga-zangar ma'aikatan jinya a Abuja da Legas. A watan Agustan shekarar kuma, gwamnatin tarayya ta amince da wata manufa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya, wadda daga cikin burinta akwai jawo waɗanda ke waje su dawo.

Najeriya, da Nijar, da Ghana, da Kamaru, da Chadi, da Sudan, duk suna cikin jerin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta bayyana a shekarar 2023 a matsayin masu tsananin ƙarancin ma'aikatan lafiya, inda ta bukaci ƙasashe masu arziki su guji zuwa farautar ma'aikata a cikinsu. Jerin bai hana mutum neman aiki a waje da kansa ba. Rahoton hukumar na shekarar 2025 ya ce akwai ma'aikatan jinya miliyan 29 da dubu 800 a duniya a shekarar 2023, amma ana da giɓin miliyan 5 da dubu 800.

Lasisin Najeriya shi kaɗai ba ya ba nas izinin kula da majinyacin da ke Amurka ta waya ko intanet. Sai an tantance takardun karatunta, galibi ta hannun hukumar CGFNS da ke Philadelphia, wadda ta sauya suna zuwa TruMerit a shekarar 2025, sannan ta ci jarrabawar NCLEX, ta samu lasisin jiha. Wasu jihohin ba sa bayar da lasisi ga wanda ba shi da lambar SSN.

Hukumomin Amurka sun ƙara sa ido kan takardu tun watan Janairun 2023, lokacin da masu gabatar da ƙara na tarayya suka bankaɗo sayar da takardun shaidar karatun jinya na bogi sama da 7,600 daga wasu makarantu a jihar Florida. Jihohi da dama sun soke lasisin waɗanda aka samu da hannu.

Ga wadda ta riga ta mallaki lasisi ta dawo gida kuwa, akwai matsalolin yau da kullum. Agogon Najeriya yana gaban na New York da sa'o'i biyar ko shida, gwargwadon lokacin shekara, yana kuma gaban na California da takwas ko tara. Aikin da ake tashi ƙarfe biyar na yamma a California, sai ƙarfe ɗaya ko biyu na dare za a tashi a Kano. Ga kuma bukatar wutar lantarki da intanet da ba sa yankewa, domin katsewar waya a tsakiyar magana da mai ciwon ƙirji na iya zama sanadin rai.

Abubuwan da ake tantancewa kafin tashi

Hukumar jinya ta jiha ko ta ƙasa ce ke da ta cewa kan matsayin lasisi bayan sauya mazauni, kuma yawancin hukumomin suna wajabta sanar da su sabon adireshi cikin ƙayyadadden lokaci.

Mai ɗaukar aiki ne ke da ta cewa kan ko ya yarda a yi masa aiki daga waje, kuma amincewar da aka rubuta ce kaɗai ke zama hujja idan rigima ta taso. Kamfanin inshora ne zai faɗi iyakar kariyarsa, yayin da ofishin jakadancin ƙasar da za a koma zai bayyana irin bizar da ta halatta aikin.

Ma'aikatan da suka kasa tsallake waɗannan matakai sukan karkata ga ayyukan da ba su shafi majinyaci kai-tsaye ba, kamar rubuce-rubuce kan kiwon lafiya, da koyar da masu shirin rubuta jarrabawa, da aikin bincike. Wasu kuma sukan yi rajista da hukumar ƙasar da suka koma su kama aiki a asibitocinta, suna ci gaba da sabunta lasisinsu na waje, domin ya yi musu amfani ranar da suka yanke shawarar komawa.